Amsa ga mai tambaya kan mutuwar ƙafa da ba a gano dalilinta ba

Malam, Allah ya ba ka lafiya. Ka ce ƙafafunka sun fara da minjirya, yanzu mutuwar ta kai idon sawu, an auna suga ba a samu ba, 'yan gida kuma na cewa wani abu ka tsallaka, ka bar asibiti. Shekarata shida ke nan a cikin wannan hali. Ni tela ne a nan Sakkwato, kuma a bisa keken ɗinki na fara gane akwai matsala, domin sai in taka amma ban san iya ƙarfin da na sa ba.

Kada ka tsaya kan awon suga guda na safe. Ka nemi a yi maka HbA1c, wanda ke nuna yadda suganka ya kasance cikin kusan wata uku. A duba bitamin B12, da ƙoda, da maƙoƙo, da HIV. Ka kuma kwashe duk magungunan da ka sha ka nuna wa likita, domin isoniazid na maganin tarin fuka yana taɓa jijiyoyi, metformin na ciwon suga kuma yana rage B12 in an daɗe ana sha. In akwai wani tabo mai haske a jikinka wanda ba ka jin taɓi a kansa, ka nuna shi, domin yana iya zama alamar kuturta, kada kunya ta hana ka. Kuturta na warkewa, maganinta kuma kyauta ne. Ni duk an yi mini waɗannan a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, komai ya fito lafiya lau. Likitan jijiyoyi ya gaya mini akwai masu irin wannan ciwo da yawa da ba a gano tushensa, amma na ci gaba da zuwa ana sake dubawa.

Abin da ya fi cutar da ni ba zugin dare ba ne. Zugi ko ba komai yana gaya maka ƙafar na nan. Wata Juma'a cikin Afrilu na makara, na samu sahu a waje, na tuɓe takalmi na tsaya kan siminti da rana tsaka. Ban ji komai ba. Da na dawo gida maiɗakina ce ta ga tafin ƙafata ya yi bororo. Wata biyu ina jinyar gyambon nan, keke na ajiye ana sallar layya, ka san abin da wannan ke nufi ga tela.

Tun daga nan idona ya karɓi aikin ƙafata. Kowace alwala ina duba tsakanin yatsu da dugadugi, in tsane su sosai. Ina kakkaɓe takalmi kafin in sa, don na taɓa yini da ƙaramar allura a ciki. Ruwan wanka da gwiwar hannu nake gwada shi. Lokacin hunturu kuwa ba ni kusantar kaskon wuta da ƙafa ko kaɗan, safa nake sawa. Dare in ba fitila ba na fita, saboda a duhu sai in ji ina tangaɗi.

Amitriptyline da aka rubuta mini ya rage zugin har ina samun barci, amma bai dawo da jin ba, kuma an gaya mini haka tun farko. Kuɗin da na zubar wajen wani mai kemis yana ɗirka mini allurar bitamin har yau yana ba ni haushi, ashe B6 ma in ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiyoyi. Addu'a da tofi ina yi, ban fasa ba, sai dai kada ka yarda a yi wa ƙafar da ba ta ji tsaga ko gashi.

In ka ga mutuwar na hawa cikin kwanaki, ko ƙafar ta yi rauni har kana jan ta, ko fitsari ya ƙwace maka, ko numfashi ya yi nauyi, kada ka jira ranar ganin likita, a kai ka sashen gaggawa a ranar.