Hankaka ko Shamuwa? Duba Inda Farin Yake

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina wasan cike gurbin kalmomi sai na ci karo da wannan: "Baƙin tsuntsu mai farin ƙirji, haruffa 7." Na rubuta shamuwa, ta shiga daidai, amma kalmar da ta gitta tana neman "n" a gida na uku. Ni na yi kuskure ko mai wasan?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Kuskuren naka ne, amma ba abin kunya ba. Amsar ita ce hankaka.

Abin da ya yaudare ka shi ne ƙirga haruffa. Shamuwa, hankaka, gauraka, kurciya, belbela, duk bakwai-bakwai ne, kuma duk da "a" suka ƙare. Ka ga ƙirge ba zai raba maka gardama ba. Sai ka koma kan jikin tsuntsun, ka tambayi kanka: farin nan a ina yake zaune?

Tsaya ka kalli hankaka in ya sauka ƙasa yana tafiyar nan tasa ta ƙasaita. Farin ya rufe masa ƙirji, ya zagayo ta kafaɗa har bayan wuya, kamar wanda ya ɗora farar falmaran a kan baƙar riga. Kai, fukafukai da wutsiya kuwa baƙi ƙirin. Shamuwa ba haka take ba. Wuyanta baƙi ne har saman ƙirji, farin nata a ciki yake, da kuma wani a ƙarshen baya wanda ba ka cika ganinsa ba sai ta tashi sama. Da ita ake nufi, da an ce "farin ciki", ko a ambaci zuwanta gab da damina. (Ni da zan tsara wasan, da "farin ciki" zan yi amfani, don harshen damon da ke cikinsa ya fi daɗi.)

Sauran ma haka suke. In ka ga an ce baƙin zobe a bayan wuya, kurciya ce. Tukku mai ruwan zinariya da tabon fari da ja a kumatu, gauraka. Ɗigo-ɗigon fari a duk jiki kuwa zabuwa ce, ita haruffanta shida.

Wani lokaci mai wasan ba ya ko taɓa launi, kirari yake jefo maka: "mai da ɗan wani naka" hankaka, "ci da motsin wani" belbela.

Sai batun "n" ɗin nan da ka so ka ƙaryata. Tun 1913 da Arthur Wynne ya buga wasan farko a jaridar New York World ta Amurka, kalmar da ta gitta ita ce alƙali. Harafi na uku a shamuwa "a" ne, tunda yadda ka ƙirga bakwai ya nuna "sh" gida biyu ta ci. Goge ta, ka sa hankaka, ka ci gaba.