Amsa: Sayen gida a Dubai ko haya?

Alhaji, ka ce wata uku zuwa huɗu kake yi a Dubai wajen sarin kaya, sauran shekara kana gida Katsina, kana tambaya ko ka sayi ɗaki can. A ganina haya ta fi maka.

Kafin a miƙa maka makulli, hukumar filaye ta Dubai za ta karɓi kashi 4 cikin ɗari na kuɗin gidan, dillali kuma kashi 2. Sannan duk shekara akwai kuɗin kula da gini, ana lissafa shi da faɗin ɗakin, kana ciki ko ba ka ciki. Baƙo kuma ba ko'ina yake iya mallaka ba, sai unguwannin da aka ware, yawancin tsohuwar Deira da 'yan kasuwarmu ke sauka ba ta ciki.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne tunanin "sai in sa ɗan haya idan na tafi." In ka ba shi hayar shekara, ba za ka fitar da shi don kai ka shiga ba sai da sanarwar wata 12 a rubuce ta hanyar da doka ta tanada. Hayar kwanaki kuwa sai da lasisi, da wanda zai kula maka, shi ma da kasonsa. In ka bar ɗakin a kulle, na'urar sanyaya ɗaki a kashe lokacin zafi, danshi zai sa bango da katifa su yi fumfuna.

Sayen yana da ma'ana idan izinin zama kake nema: kadarar dirhami miliyan 2 tana ba da damar neman na shekara 10. In ba haka ba, kama ɗaki mai kaya na wata-wata, jarin ya ci gaba da juyawa a shago.