Daina aiki da takarda yana taimakon muhalli kuwa?

Tambaya: Malam, ofishinmu an daina fayil na takarda, neman hutu da takardar albashi duk a kwamfuta, wai don kare muhalli. Gaskiya ne ko dabarar rage kashe kuɗi ce kawai?

Amsa: Duka biyun ne 'yar'uwa. Takarda daga itace ake yinta, kuma intabiyu ta Zoom (manhajar ganawa ta bidiyo) ya rage wa masu neman aiki doguwar tafiya da ƙona mai. Amma fa bayanan nan a wasu manyan kwamfutoci ake ajiye su masu cin wuta dare da rana har da ruwan sanyaya su, ga tsofaffin kwamfutoci da ake watsarwa da dalma a cikinsu. Ki tambayi oga ina ake kai waɗanda aka canza.