Sunan da ba a cika ji ba

Tambaya: Ina dab da haihuwa, kuma likita ya ce mace ce. Ina sha'awar sunan Rufaida saboda ba a cika jin sa ba, amma ina fargabar ya bazu kamar yadda Amira da Hanan suka bazu. Me za ki ba ni shawara? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya sauke ki lafiya, 'yar'uwa. Gaskiya babu mai iya tsare suna a gida ɗaya, domin da zarar an raɗa shi ranar bakwai, dangi da maƙwabta sun ji, kuma fim ɗaya na Kannywood ya isa ya kai shi kowace unguwa. A ganina ki fi duba asalinsa, kuma a nan kin dace, domin Rufaida al-Aslamiyya sahabiya ce wadda ta yi jinyar waɗanda suka ji rauni a yaƙin Handaƙ, har ma a tantinta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu. Sai dai ki tuntuɓi maigida da wuri, ki kuma gwada sunan a bakin kakanninta, don idan ya yi musu nauyi, laƙabin da suka ga dama za su sa mata, kuma shi zai bi ta.