Tambaya da Amsa: Kamun kifi a mashigin Chesapeake da zafin bazara

Wannan makon saƙonnin da suka fi yawa daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka suka zo, musamman na yankin Maryland da Virginia, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato yadda kamun kifi ya koma a mashigin tekun Chesapeake tunda zafi ya kankama. Ga waɗanda muka samu damar amsawa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Yawuri ne, a bakin ruwa na tashi, yanzu ina zaune a Baltimore. Ƙarshen Mayu da farkon Yuni ina zuwa Sandy Point kusa da babbar gada ina samun kifin nan mai zane-zane da suke ce ma rockfish, amma tunda Yuli ya shigo sai in wuni a rana ko taɓa ƙugiyar ba a yi ba. Kifin ne ya ƙare ko kuwa hannuna ne ya lalace? Daga wani mai karatu a Baltimore.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Hannunka lafiya lau yake, ruwan ne ya canza, kuma canjin nasa ba irin wanda ka sani a kogin Kwara ba ne. Shi Chesapeake ba kogi ba ne ba kuma teku zalla ba, mahaɗa ce, ruwan daɗi na gangarowa daga koguna, kogin Susquehanna kaɗai na kawo kusan rabinsa, ruwan gishiri kuma na shigowa daga Atlantika ta can ƙasa wajen Norfolk. Ruwan gishiri ya fi nauyi, shi yasa yake kwanciya a ƙasa na daɗin ya hau kansa, in zafi ya yi sosai kuma iska ta kwanta sai su daina cakuɗuwa gaba ɗaya. To a nan matsalar take farawa. Takin zamani da kashin kaji daga gonaki da ruwan kwatar birane duk suna gangarowa cikin ruwan nan, su ciyar da gansakuka ta yi ta yaɗuwa, in ta mutu ta nutse ƙasa ta ruɓe, ruɓewar tata ta shanye iskar oksijin ɗin da ke can ƙasa, har a samu wurare masu zurfi a tsakiyar mashigin da babu kifin da zai iya numfashi a ciki. Duk bazara sai an yi haka, wata shekara ya yi yawa wata shekara da sauƙi, ya danganta da yawan ruwan saman da aka yi kafin zafin.

Shi kuma rockfish kifin ruwan sanyi ne, in ruwa ya doshi digiri 29 na salshiyas ba ya iya zama ciki, kuma saman ruwan yana kaiwa kusa da haka a Yuli da Agusta. Ka ga kenan gaba kura baya siyaki, sama zafi, ƙasa ba iska, sai ya matse a ɗan tsakanin nan, ko ya nemi gindin ginshiƙan gada inda akwai inuwa da gudun ruwa, ko ya haura arewa wajen bakin kogin Patapsco. Kai kuma kana tsaye a gaɓa da rana tsaka kana jefawa cikin ruwan da bai wuce ƙirji ba, ruwan da ya riga ya ɗume, ina zai zo maka?

In dai dole sai shi, to ka yi sammako na gaske. Asuba a nan da bazara tana shiga tun ƙarfe huɗu da wani abu, ka sallame ka kama hanya, ƙugiyarka ta kasance cikin ruwa kafin rana ta ɓullo, ƙarfe tara ka naɗe kayanka. Sannan ka riƙa duba jadawalin cikar ruwa da janyewarsa a waya, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, na fitar da shi kyauta, sau biyu ruwan ke cika sau biyu yana janyewa kusan kullum, kuma lokacin na matsawa gaba da kamar minti 50 kowace rana. Kifi na cin abinci ne lokacin da ruwa ke tafiya, ko yana shigowa ko yana fita, in ya tsaya cak sai ka ga komai ya mutu murus. A wajen Annapolis bambancin cikar ruwan bai fi ƙafa ɗaya ba, mutum sai ya raina shi, amma wannan ɗan motsin shi ne komai.

Amma in ra'ayina kake so, wallahi ka ƙyale kifin nan ya huta har sanyi ya fara shigowa a ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, lokacin ne ma yake fitowa sama yana koron ƙananan kifaye tsuntsaye na shawagi a kansu, ka kama cikin daɗin rai. Dalilina yana cikin amsar da ke biye.

Tambaya: Malam an ce mana in ka kama rockfish ƙarami ka mayar da shi ruwa shikenan ba laifi. To me yasa kuma ake rufe kamun nasa gaba ɗaya a tsakiyar bazara, har kama-ka-saki ma an hana? Ni a ganina takura ce kawai. Daga wani matashi a Laurel.

Amsa: Ƙanena ba takura ba ce, ka je bakin ruwa wata ranar Lahadi da yamma cikin zafin nan ka duba da idonka. Za ka ga kifaye farare suna yawo a saman ruwa ciki a sama, wasu baki na motsi a hankali, ba alamar ciwo a jikinsu, waɗannan yawancinsu an kama su ne an sake su. Kifin da ya riga ya galabaita da zafi da ƙarancin iska, ka ja shi yana kokawa minti biyar, ka ɗaga shi cikin rana ka tsaya ɗaukar hoto, ka riƙe shi da busasshen tawul ka goge masa santsin jikinsa, in ka jefa shi ruwa zai yi iyo ya tafi kamar lafiya lau, amma ba zai kwana ba. Masu lissafin kifin suna ɗauka cewa kashi 9 cikin ɗari na waɗanda aka saki suna mutuwa a jimlar shekara, da zafi kuwa abin ya fi haka nesa ba kusa ba.

Kuma an taɓa ganin ƙarshen wannan hanyar. Kifin ya taɓa ƙarewa saura ƙiris har Maryland ta hana kama shi ɗungurungum daga 1985 zuwa 1990, sai a 1995 aka ce ya farfaɗo. Yanzu kuma tun 2019 ƙidayar 'ya'yan kifin da ake yi duk shekara tana fitowa ƙasa da yadda aka saba, shekara bayan shekara, alhali a kogunan Chesapeake ɗin nan mafi yawan rockfish ɗin gaɓar Atlantika ke ƙyanƙyashewa. Shi yasa a 'yan shekarun baya, daga 2021 zuwa 2025, aka riƙa rufewa daga 16 zuwa 31 ga Yuli, aka kuma taƙaita a 2024 cewa kifi ɗaya tak a rana, mai tsawon inci 19 zuwa 24. Ranakun da ƙa'idojin suna canzawa, dan haka kafin ka fita ka leƙa shafin hukumar albarkatun ƙasa ta Maryland, DNR, ka ga na bana. A shafin suna sa tuta kore ko rawaya ko ja gwargwadon zafin ranar, in ja ce, wato zafi zai kai digiri 35, shawararsu kar a nemi kifin bayan ƙarfe goma na safe.

In an buɗe kuma kana sa abinci a ƙugiya, doka ce ka yi amfani da ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe, wadda ke kama gefen baki maimakon kifin ya haɗiye ta har ciki. Wanda za ka saki kar ka fito da shi daga ruwa ma, ka sunkuya da filaya ka zare a nan.

Tambaya: Sallama Malam. Yarana uku sun dame ni sai na kai su kamun kifi hutun nan, babban shekararsa 12. Ban san komai a kai ba, ina zan fara, kuma akwai haɗari? Daga wata uwa a Silver Spring.

Amsa: Hajiya ai ke ce kika fi kowa sa'a, domin bazara lokacin yara ne. Kifayen da ba su damu da zafi ba yanzu suka cika gaɓa, akwai white perch, akwai spot mai ɗan baƙin ɗigo a bayan kunne, akwai croaker wanda in an fito da shi sai ya riƙa gurnani a hannu, yara kam dariya har da faɗuwa. Duk ba su fi tafin hannu ko ɗan fi ba amma a soye da yaji ba a magana.

Ki shiga shagon kayan kamun kifi ki ce a haɗa miki sanda mai sauƙi da ƙugiya biyu ƙanana da dalma a ƙasa, ki sayi tsutsar da suke kira bloodworm, tana da tsada kuma tana cizo, dan haka ke za ki yanka ta ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar wake, guda ɗaya ta ishi ƙugiya da yawa. In kina ƙyanƙyami akwai ta roba mai ƙamshi, Fishbites, tana aiki in ruwa ya yi ɗumi. A jefa a bari dalma ta taɓa ƙasa, a ja zare ya ɗan miƙe, yaro ya ɗora yatsa a kai, zai ji tak-tak-tak. Perch na da ƙaya mai kaifi a baya da gefen kunne, a shafo shi daga kai zuwa wutsiya ƙayar ta kwanta kafin a riƙe. Wurare kuwa akwai gadar kamun kifi ta Matapeake a tsibirin Kent, da ta North Beach, Sandy Point ma yana da kyau amma ƙarshen mako cika yake maƙil, gara ranar aiki.

Yara 'yan ƙasa da 16 ba sa buƙatar lasisi, amma ke in za ki riƙe sanda sai kin yanka, ta intanet ake yi cikin 'yan mintuna. Asabar biyun farko na Yuni da ranar 4 ga Yuli kyauta ne ga kowa a Maryland.

Haɗari akwai, uku zan gaya miki. Na ɗaya hadarin la'asar, yana haɗuwa cikin ƙanƙanin lokaci, da kin ji tsawa ko daga nesa ne a ajiye sanduna a koma mota. Na biyu wata halitta mai kamar leda da dogayen zare da ke yawo a ruwan daga Yuli, tana harbi da zafi kamar an zuba barkono, kar yara su taɓa ta ko da ta mutu a kan yashi. Na ukun shi na fi jin tsoro, ƙwayar cutar Vibrio da ke yawaita a ruwan gishiri mai ɗumi, tana shiga ta ciwo ko ɗan yanka. Duk wanda ƙugiya ko ƙaya ta soka a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta nan take, in wurin ya fara kumbura ya yi ja yana zafi ko zazzaɓi ya biyo baya, asibiti a daren, kar a jira gari ya waye, a kuma gaya wa likita daga ruwan Chesapeake ne. Mai ciwon suga ko ciwon hanta ya fi kowa shiga haɗari. Ƙaramin cikinsu ki sa masa rigar iyo ko a kan gada yake.

Tambaya: Ni dai tarwaɗa nake so in yi banda in ajiye, ana samu a nan? Daga wani Badamagare mai tuƙi a Alexandria.

Amsa: Ranka ya daɗe, ai roƙonka ma ake yi ka zo ka kwasa. Akwai wata tarwaɗa mai ruwan toka-toka da suke kira blue catfish, ba 'yar asalin ruwan ba ce, a shekarun 1970 aka zuba ta a kogunan James da Rappahannock na Virginia dan masu kamun nishaɗi, ashe tana jure ɗan gishiri, sai ta bazu har Potomac da Patuxent da Nanticoke da Choptank tana cinye kaguwa da 'ya'yan sauran kifaye. A Maryland ba iyaka a kanta, ba kuma lokacin rufewa, kuma zafi bai hana ta ci. Ga Potomac nan a ƙofar gidanka. Yanki na ɗanyen kifi ko hantar kaza, dalma mai nauyi, zare mai ƙarfi, domin wasu sun wuce kilo 30.

Sai dai manyan nan ba su ne na ci ba. Kifin da ya daɗe a ruwa yana tara gubar masana'antu a kitsensa, dan haka ka zaɓi matsakaita, ƙasa da inci 30, ka feɗe fatar ka yanke kitsen ciki da jan naman gefe kafin ka ɗora a wuta. Na san a wajenmu kitsen nan shi ne daɗin banda, amma a nan ka haƙura da shi. Na kogin Anacostia kuwa ni ba zan ba iyalina ba. Ka tafi da kula cike da ƙanƙara, da zafin nan awa ɗaya a bokiti ta isa ta ɓata kifi. Lasisinka ma ka duba wane yanki ya ƙunsa, domin ɓangaren Potomac da ke cikin Washington nasa lasisin daban ne.

Tambaya: Kaguwar nan shuɗiya da mutanen Maryland ke rububi, ta halatta? Kuma ya ake kama ta? Daga wata ɗaliba a College Park.

Amsa: Ƙanwata a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai, dabbobin ruwa duk halal ne har da kaguwa, Hanafiyya ne suka taƙaita a kan kifi kawai, in kina son ƙarin bayani ki tuntuɓi malaminku. Abin lura shi ne wasu gidajen abinci da giya suke turara ta, ki tambaya kafin ki saya. Kamun kuwa ba wuya, wuyan kaza a ɗaure da igiya a saka a ruwa daga kan gada, in igiyar ta miƙe a jawo a hankali a hankali, wani ya tare ta ƙasa da 'yar koma mai mariƙi. Ki juya cikinta ki duba, 'yan garin cewa suke na namiji siriri ne kamar hasumiyar Washington, na mace mai faɗi kamar ƙubbar majalisar dokokin Amurka. Masu kamun nishaɗi a Maryland ba a yarda su ɗauki mace ba, a mayar da ita ruwa, namijin ma sai faɗin ƙoƙon bayansa ya kai inci 5, daga tsakiyar Yuli kuma inci 5 da kwata. Ta baya ake riƙe ta, gindin ƙafar iyo, in ba haka ba za ta datse miki yatsa har jini.