Tambari mai motsi da ɗan katun: me ya cancanci kuɗinku?

Tambayoyin wannan makon duk daga masu tashoshin bidiyo na cikin garin Jos suka zo. Na zaɓi huɗu, na taƙaita wasu saboda tsawo.

Tambaya: Ina da tashar girke-girke a YouTube, a kicin ɗina nake ɗauka a Rikkos, mabiyana sun ɗan haura dubu huɗu. Ina son tambari mai motsi na farkon bidiyo. Wani yaro a Terminus ya ce naira dubu 15, gobe in karɓa, sakan 15 ne, sunan tashar da ruwan zinare yana juyawa wuta na tashi. Wata da ta yi kwalejin talabijin ta NTA ta ce dubu 120, mako uku, kuma nata sakan 3 ne kacal. Ta yaya gajere zai fi dogo tsada?

Hajiya, yaron nan bai cuce ki ba, amma ki san abin da zai sayar miki. Rigar kanti ce. Akwai dubban irin wannan aiki da aka riga aka haɗa aka zuba a intanet, shi aikinsa ya goge sunan da ke ciki ya rubuta naki, shi ya sa gobe ma ya yi nisa. Wutar da za ta tashi a bayan sunanki, ita ce jibi za ta tashi a bayan sunan mai sharhin ƙwallo da mai sayar da magungunan gargajiya. Ita kuwa ɗayar tela ce, awo za ta yi miki. Mako ukun nan ba na motsin ba ne, na tunanin abin da za a motsa ne.

Batun tsawo kuwa, gajeren shi ne daidai. Ki tuna ƙarar nan ta Netflix da suka fara sawa a 2015: kafin mutum ya gyara zama ta wuce, amma ko daga wani ɗaki aka jiyo ta an san wace ce. Matar da ta buɗe bidiyonki, wataƙila albasa tana kan wuta, data kuma tana zuba, miyar take son gani. Ki shiga YouTube Studio, shafin da mai tasha yake ganin alƙaluman bidiyonsa, ki duba layin da ke nuna inda masu kallo suke tsayawa da inda suke gudu, musamman sakan 30 na farko. Duk sakan ɗin da kika kashe a kan zinare mai juyawa daga cikin waɗannan talatin ɗin kika cire shi. Ni da ke ce, sai in fara nuna gwaten ya dahu yana tiriri a kwano, tambarin ya gilma, sannan a koma wanke acca.

Amma kafin ki tura wa kowa kuɗi, ki yi yarjejeniya a kan abin da zai shigo hannunki, domin nan ne ake kuka. Ni kaina na taɓa biyan wani ya yi wa wani shiri namu tambari, ya turo ta WhatsApp, muka yi murna. Bayan wata takwas muka so buga shi a allon ƙofar ofis, mai buga allon ya buɗe hoton a kwamfuta, ya ƙara girmansa, sai ga haruffan sun farfashe kamar an taka biskit. Muka nemi mai zanen, ya ce kwamfutarsa ta lalace tun da damina, babu komai. Sabo muka biya aka yi. Don haka ki ce a ba ki uwar fayil ɗin zanen, irin SVG ko AI (fayil ɗin manhajar Adobe Illustrator), wadda ko girman bango aka ja ta ba ta fashewa. Da hoton PNG marar bango, wato tambarin kaɗai ba wani launi a bayansa. Da bidiyon motsin shi ma marar bango, don ki iya ɗora shi a kan tukunya. Da fayil ɗin aikin na manhajar motsa zane, After Effects ko Blender ko duk abin da ta yi amfani da shi. Da sunan salon rubutun da lambobin launuka. A filasha ko imel, ba ta WhatsApp ba.

Sai gwaji. A tashar YouTube hoton tambari a cikin da'ira yake fitowa, a waya bai wuce ƙwayar gujiya ba, alamar da ke maƙale a kusurwar bidiyo ma ɗigon hoto (pixel) 150 sau 150 ce kawai. Ki tura zanen a ƙaramar wayar ƙanwarki mai fasasshen gilashi, ki fita tsakar gida da rana ki duba. In ba ki gane shi ba, babu motsin da zai cece shi.

Shawarata: in dubu 120 za ta girgiza jarinki, ki ce ta yi miki tambarin tsaye tukuna, motsi ya biyo baya, ragowar ki sayi makirfo. Mutane suna yafe tambari marar kyau, ba sa yafe muryar da ƙarar janareta ta cinye.

Tambaya: Mu biyar ne a Unguwar Rogo, muna da tashoshi uku ƙarƙashin suna ɗaya: barkwanci, sharhin ƙwallo da karatun yara. Muna son ɗan katun da zai zama fuskarmu. Ɗaya ya ce Gizo, ɗaya ya ce mu ɗauki Mickey Mouse tunda an ce yanzu na kowa ne, ni kuma na ce mu sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zana mana kyauta.

Ƙannena, ku ajiye Mickey. Abin da ya zama na kowa a Amurka ranar 1 ga Janairun 2024 shi ne tsohon siffarsa ta 1928, baƙi da fari, kuma har yanzu alamar kasuwancin Disney ce. Ba za ku iya mai da shi tambarinku ba, ko da za ku iya ma, tallar wani za ku yi ta yi. Hankaka ke nan, mai da ɗan wani naka.

Gizo namu ne, babu mai hana ku, kuma zanen da kuka yi masa naku ne. Sai dai ku yi lissafi biyu. Na farko, hali: kowane Bahaushe da ya ji sunan, wayo da zamba ne suke zo masa. A barkwanci ya yi daidai. Amma ranar da kuka zo neman talla wurin mai makaranta ko mai shagon magani, ga makirin tatsuniya a goshin takardarku? Na biyu, ƙafafu takwas. Mai motsa zane ƙafa-ƙafa yake aiki, kuma ku za ku biya. In an ƙanƙantar da shi kuma sai ya koma kamar tabon tawada.

Manhajar ƙirƙirarriyar basira kuwa, ku yi amfani da ita wajen lalubo tunani, kada ku tsaya a kanta. Matsalarta rashin riƙon kama: yau ta ba ku shi da doguwar hula, gobe kunnen ya sauya, jibi yatsu shida. Shi kuwa ɗan katun amfaninsa ke nan, a gan shi sau ɗari yana nan yadda yake. Ga kuma batun mallaka: a Amurka ofishin haƙƙin mallaka ya ƙi yi wa hoton da na'ura ta zana ita kaɗai rajista.

Ku kalli abin da ke gabanku. Fitilar nan mai tsalle ta kamfanin finafinan katun na Pixar, tun 1986 take, ba ido ba baki, amma kowa yana ganin halinta. Buta ma za ta iya, kalangu zai iya, wannan kuma ya raba ku da ƙorafin iyayen da ba sa son zanen mai rai a shirin yara. In kuwa fuska kuke so, ga dankalin turawa da hular sanyi, wanda duk wanda ya kwana a Jos cikin Disamba zai yi dariya ya gane. Ɗaya ya ishe ku: a ƙwallo ya riƙe usur, a karatu ya riƙe allo, launin bango kawai ya sauya. Ku ce mai zanen ya ba ku shi ta gaba, ta gefe, ta baya, da fuskar dariya, fushi, mamaki da kunya, don duk wanda ya karɓi aikin nan gaba ya san inda zai ɗora.

Tambaya: Na yi wa tashata rajista a CAC. Ashe tambarina bai tsira ba?

Bai tsira ba, Alhaji. CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sunan kasuwanci ta rubuta. Tambari sai ofishin rajistar alamomin kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja. Ana fara binciken ko wani ya riga ka, rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma shekara 14-14. Shirye-shiryen nishaɗi da ilimi a rukuni na 41 suke. In a manhajar zane ta Canva ka haɗa shi da zanukan da ke rumbunsu, ƙa'idarsu ta hana a yi wa irin wannan rajista. Kuma a dokar haƙƙin mallaka ta 2022, mallakar zane ba ta barin hannun mai zanen ta dawo naka sai da rubutu, don haka ka koma wurinsa da takarda ya sa hannu tun kuna shiri.

Tambaya: Wane kiɗa zan sa a kan tambarin? Na yanko sakan huɗu daga wata waƙar Indiya.

Cire shi, ɗan'uwa. Na'urar YouTube mai gane sauti tana iya kama shi, kuma da yake a farkon kowane bidiyo yake, matsala ɗaya za ta bi duk abin da ka ɗora. Ko ka ɗauko daga rumbun sautin kyauta na YouTube, ko ka nemi makaɗin kalangu a unguwa, ka kai shi situdiyo ya buga maka bugu uku ko huɗu masu faɗin sunan tashar, tunda kalangu magana yake yi. Ka biya shi hakkinsa, a rubuta cewa sautin naka ne, ka kuma saurare shi a lasifikar waya kafin ku tashi, domin a can masu kallonka za su ji shi.