Tambayi Likita: Ƙofofin Fotasiyam, Raɗaɗin Jijiya da Jijjigar Jarirai

Tambaya: Likita, shekara shida ina fama da ciwon suga, yanzu kuma tafin ƙafata yana raɗaɗi da dare kamar an shafa barkono. An ce ƙarancin sinadarin fotasiyam ne a jiki, in riƙa shan kanwa. (Wani magidanci daga Gusau)

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi, amma ka ajiye kanwar nan, domin mafi yawan abin da ke cikinta sodiyam ne, dangin gishiri, wanda zai iya jawo maka hawan jini a kan sugan. Jijiya da lantarki take isar da saƙo. Idan sodiyam ya shiga cikinta sai saƙon ya tashi, sannan wasu ƙananan ƙofofi su buɗe, fotasiyam ya fita, jijiyar ta lafa. Waɗannan ƙofofi su ne birkin jijiya, kuma Roderick MacKinnon na Amurka ne ya fito da siffarsu a 1998, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2003. Idan suga ya daɗe yana cin jijiya, birkin yakan yi rauni, sai ta riƙa kai wa ƙwaƙwalwa ƙarar zafi alhali babu abin da ya taɓa ƙafar. Ka ga ke nan matsalar a jijiyar take, ba a abinci ba. An taɓa samun maganin ciwo mai buɗe ƙofofin, flupirtine, amma Turai ta janye shi a 2018 saboda yana lalata hanta. Abin da ya rage shi ne daidaita suga, duba ƙafa kullum, da magunguna irin su amitriptyline ko pregabalin bisa umarnin likitanka.

Tambaya: Jaririna ya fara jijjiga kwana uku da haihuwa, surukata kuma ta ce haka mahaifinsa ya yi har ya daina da kansa. Shin farfaɗiya ce? (Wata mai jego daga Maraɗi)

Amsa: Malama, barka da sauka lafiya. Ki kai shi asibiti yau, domin dole a fara kawar da abubuwan da suka fi yawa kuma suke kisa, wato faɗuwar sugan jini, sanƙarau, shawara mai tsanani, ko wahalar da ya sha wajen haihuwa. Sai dai maganar surukarki ba ta banza ba ce. Akwai jijjigar gado da ke farawa a makon farko ta kuma gushe cikin watanni, wadda a 1998 aka gano tushenta a ƙwayoyin gado biyu, KCNQ2 da KCNQ3, masu gina ƙofofin fotasiyam a ƙwaƙwalwa. Yawancin yaran suna tashi lafiya lau, wasu kaɗan farfaɗiya takan dawo musu daga baya. Ko da ta gadon ce, likita ne zai tabbatar, kuma kada a yi masa hayaƙi ko ɗure yana cikin jijjigar.

Tambaya: Me ya sa harbin kunama yake da zafi haka? (Wani ɗalibi daga Agadas)

Amsa: Dafinta yakan hana ƙofofin sodiyam rufewa, ya kuma toshe wasu na fotasiyam, sai jijiya ta yi ta harba saƙo babu birki. Babba yakan tsira da raɗaɗi kawai, amma yaron da ya fara gumi, amai ko haki bayan harbi, a garzaya da shi asibiti.